Ɗan Aiken Daiman: Tarihin Wani Koren Dutse Daga Gyaɗi-Gyaɗi

Gabatarwa

A cikin kayan da Kawuna ya bari, Allah ya jiƙansa, babu wanda magada suka yi saurin sallamawa kamar wani tsohon gwangwanin alewa da tsatsa ta cinye bakinsa. Ranar da aka buɗe shi a zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, sai aka tarar da auduga ta yi ja don tsufa, a cikinta kuma ga waɗansu ƙananan duwatsu goma sha ɗaya, kore shar kamar ganyen zogale bayan ruwan fari. Babu wanda ya tambayi ko mene ne, domin kowa a dangi ya san labarinsu. Aka miƙo mini gwangwanin, ni da ba na cikin magada, aka ce tun da ni ne mai son tone-tonen tarihi, ga abin tonawa nan.

Kawu tela ne, yana da shago kusa da kasuwar Tarauni da kekunan ɗinki uku, ga kuma wani fili da ya mallaka a Na'ibawa, wanda yake burin ginawa ya bar gidan gado. A cikin 1996, lokacin da zancen duwatsu masu daraja ya cika majalisun Kano, ana ta ba da labarin waɗanda suka tafi Jos da Keffi suka dawo da mota, wani baƙo ya zo shagonsa da waɗannan duwatsu. Ya ce zumurrudu ne, kuma larura ce ta sa zai rabu da su da araha. Kawu ya sayar da filin da kekuna biyu ya biya. Da ya kai su wurin masu sayen duwatsu a Jos, kallo ɗaya suka yi musu suka turo masa kayansa. Kafin ya dawo Kano baƙon ya yi layar zana.

Wannan maƙala tarihin dutsen nan ce, wanda masana ke kira dayofsayid: abin da yake, yadda aka san shi, da aikin da ya yi wa waɗansu ƙasashe. Daga nan zan waiwayi Kano, domin na lura cewa abin da ya sami Kawu ya taɓa samun ƙasarmu baki ɗaya.

Gwajin da aka yi a zaure

Muna da wani maƙwabci a lokacin, malamin ilimin duwatsu da ke koyarwa a wata jami'a, yakan zo gida ƙarshen mako. Shi Kawu ya kai wa kuka bayan sallar la'asar, ni kuwa ina yaro, na raɓe a bakin ƙofa ina kallo. Malamin bai kawo wata na'ura ba. Ɗan ƙaramin madubi ya ciro daga aljihu, da wani farin dutse mai kama da ƙanƙara, wanda ake kira kwaz, da ƙaramin sikeli, ya kuma aike ni in kawo ruwa a kofi.

Da farko ya duba siffa. Ya ce zumurrudu yana tsirowa ne da gefe shida, waɗannan kuwa inda duk suka ɓare sun ɓare ne hawa-hawa kamar matakala, ta fuska biyu da suka haɗu kusan kamar kusurwar bango. Sannan ya goga farin dutsen a jikin ɗaya, nan take ya bar zane. Ya ce da zumurrudu ne da bai ji komai ba, gama a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daiman ne a hawa na 10, zumurrudu tsakanin 7.5 da 8, kwaz a hawa na 7, shi kuwa dayofsayid tsakanin 5.5 da 6.5 yake. Daga ƙarshe ya auna ɗaya a sarari, ya sake auna shi rataye cikin ruwa, ya yi lissafi a bayan ambulan. Dutsen ya ninka nauyin ruwa daidai girmansa sau 3.3, alhali zumurrudu ba ya wuce sau 2.7 sai da kaɗan.

Kawu ya ce, "Malam, wato kwalba aka sayar mini ke nan?"

Malamin ya ce, "A'a, Alhaji, dutse ne na gaske, kuma a wurinmu yana da girma. Mu ɗan aike muke ɗaukarsa. Inda duk aka tsince shi kwance a ƙasarsa, to akwai saƙon da ya kawo daga can ƙarƙashi. Amma wanda ya zo maka cikin aljihun wani, ba a san inda aka ɗauko shi ba, saƙonsa ya zube a hanya."

Ban fahimci maganar ba a ranar. Kawu ma ban ga alamar ta rage masa zafi ba. Sai da gwangwanin ya dawo hannuna na shiga bin diddiginta.

Yadda duniya ta san shi

Dayofsayid ba baƙo ba ne a bayan ƙasa. Yana cikin wani babban dangi na ma'adinai da ke samuwa a cikin duwatsun da suka daskare daga narkakken dutse, da kuma cikin farar ƙasar da zafi da danniya suka gasa har ta rikiɗe ta zama dutsen mabul. Sinadarai huɗu ne suka haɗa shi: kalsiyam, da magniziyam, da silikon, da oksijin. In babu wani gauraye a cikinsa, fari ne ko marar launi. Ƙarfe yakan sa shi kore mai duhu. Ɗan kuromiyam kaɗan shi ke ba shi koren nan mai ɗaukar ido, kuma shi ne dai sinadarin da ke ba yawancin zumurrudu launinsa, abin da ya sa ido kaɗai ba ya raba su sai na gwani. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A tsaunukan arewacin Italiya akwai wani iri mai ruwan makuba, a kudancin Indiya kuma akwai baƙi wanda in an goge shi ya yi sumul, tauraro mai reshe huɗu yakan bayyana a fuskarsa.

Wajen shekarar 1800 wani masani ɗan Barazil, José Bonifácio de Andrada e Silva, ya fara bayaninsa a rubuce. Wannan mutum daga baya ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin jagororin 'yancin ƙasarsa a 1822. Sunan kuwa wani limamin coci Bafaranshe ne, René Haüy, ya raɗa shi a 1806, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "biyu" da "gani", saboda yadda siffar dutsen ke karɓar kallo ta fuska biyu.

Shekara ɗari bayan haka dutsen ya shiga ɗakin gwaji. A birnin Washington na Amurka, Norman Bowen ya riƙa narka shi tare da waɗansu ma'adinai yana barinsu su huce, yana lura da wanda ke riga daskarewa. Sakamakon da ya fitar a 1915 yana cikin tubalan da aka gina fahimtar yadda narkakken dutse guda kan haifi duwatsu iri-iri. Tsantsar dayofsayid tana narkewa ne a digiri 1,391, kuma don ba ta saɓa wannan adadi, an daɗe ana daidaita ma'aunan zafi da ita. A 1928 kuma, a Manchester ta Ingila, Warren da Bragg suka haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka gano cewa ƙwayoyinsa a jere suke kamar dogayen sarƙoƙi. Tsakanin sarƙa da sarƙa akwai rauni, kuma ta nan ne dutsen ke ɓarewa. Matakalar da maƙwabcinmu ya nuna wa Kawu a zaure, asalinta ke nan.

Amfaninsa a hannun mutane

Wajen ado, dayofsayid ya makara shiga kasuwa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ne irin mai koren nan ya fara yawaita, daga wani wuri da ake kira Inagli kusa da garin Aldan a gabashin Siberiya, inda sanyi kan hana haƙa watanni da yawa a shekara. 'Yan kasuwa sukan kira shi zumurrudun Siberiya don su jawo mai saye, kuma ina kyautata zaton ta irin wannan hanya duwatsun Kawu suka ratso duniya har suka iso Tarauni. Yana da kyau, amma abu biyu sun tauye farashinsa. Na ɗaya, in ya yi girma korensa yakan yi duhu har ya kusa zama baƙi, don haka ƙanana aka fi yankawa. Na biyu shi ne rashin tauri. Ƙurar da iskar hunturu ke kwaso mana cike take da garin kwaz, wanda ya fi shi tauri, saboda haka zoben da aka yi da shi ko shafa shi da gefen riga aka riƙa yi, a hankali zai dushe. Ya fi dacewa da 'yan kunne da abin wuya, inda ba ya yawan gogayya.

Masu masana'antu suna son shi ta wata fuska. A cikin tangaran da tayil da wani irin gilashi da ake gasawa har ya yi tauri kamar dutse, samuwar dayofsayid tana ƙara ƙarfi da jure zafi. Masu binciken likitanci kuma suna gwada shi a cikin abubuwan da ake son a riƙa cike karayar ƙashi da su, tun da kalsiyam da magniziyam ba baƙi ba ne ga jikin mutum. Masu tonon tarihi ma suna da rabonsu. In aka gasa yumɓun da ke da farar ƙasa a cikinsa, zafin ya haura wajen digiri 850, dayofsayid yakan tsiro da kansa a jikin tukunyar. Don haka in aka same shi a cikin tsohon katanga, an san cewa wutar maginan wannan zamani ta kai wannan matsayi. Ko a nan ma aikin ba da labari yake yi.

Saƙon da yake kawowa

Babban aikinsa, wanda ya sa malamin ya kira shi ɗan aike, yana wajen neman daiman. Daiman yana samuwa ne a zurfin da ya wuce kilomita 150 a ƙarƙashin ƙasa, inda babu rijiyar da ɗan Adam ya taɓa haƙawa ta kai ko kusa. Abin da ke kawo shi sama wani irin aman wuta ne na zamanin da, wanda ke fasowa da gudu ya bar rami mai siffar mazurari cike da dutsen da ake kira kimbalayit. Sunan ya samo asali ne daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu, inda aka yi rububin haƙa a 1871. Bakin irin wannan rami sau da yawa bai fi gona guda ba, kuma ko a mahaƙa mai albarka, daiman ɗin da ke cikin tan guda na dutse yakan kasa karat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Wanda ya ce zai bi daji yana neman daiman da ido, zai tsufa bai gani ba.

Amma daiman ba ya tahowa shi kaɗai. Abokan zamansa na can ƙasa suna rako shi, kuma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba: wani jan dutse da ake kira ganet, da waɗansu baƙaƙe masu nauyi, da kuma koren dayofsayid. Ruwa da iska sukan cinye bakin ramin su watsa waɗannan ƙwayoyi cikin rafuka. Mai bincike sai ya ɗebi yashi, ya tankaɗe, ya wanke, ya zauna da madubi yana tsintar masu launi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi inda suka fi yawa har ya kai tushe. A cikinsu koren ya fi sauƙin gani. Rauninsa ma a nan ya zama alheri: tun da ba ya jure doguwar tafiya, musamman a ƙasa mai zafi da damshi, wanda ya tsince shi ya san bai yi nisa da gidansa ba.

Da wannan dabara aka sauya taswirar arzikin duniya sau uku cikin shekara arba'in. A 1954 wata mata 'yar Rasha, Larisa Popugaeva, ta bi jajayen ƙwayoyi a rafukan Siberiya har ta tsaya a kan ramin kimbalayit na farko da aka gano a ƙasar. A Botsuwana yashin hamadar Kalahari ya binne komai, sai gara ta yi wa masu bincike aiki: garin neman damshi takan nutsa can ƙasa, ta fito da ƙwayoyin ta zuba a jikin suri. Ta haka aka kai ga Orapa a 1967, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci. A Kanada kuwa, Charles Fipke da Stewart Blusson sun shafe kusan shekara goma suna bin ƙwayoyin da ƙanƙarar zamanin da ta ja ɗaruruwan kilomita, kuma koren dayofsayid na cikin alamomin da suka tsayar da su a bakin wani ƙaramin tafki. An tabbatar da daiman a wurin a 1991, mahaƙar Ekati ta buɗe a 1998.

Gano dukiya dai ba shi ne cin moriyarta ba. Botsuwana, wadda ke cikin matalautan ƙasashen duniya a 1966, ta yi ciniki da kamfanin De Beers har aka kai ga raba mallakar mahaƙan rabi da rabi, ta zuba kuɗin a makarantu da asibitoci da hanyoyi. Saliyo kuwa daiman ɗinta ya zama makamashin yaƙin basasar da aka yi daga 1991 zuwa 2002.

Waiwaye adon tafiya

Da na kai nan a karatuna sai na tambayi kaina: mu Kanawa ba mu taɓa iya karanta dutse ba ne? Tarihi ya ce mun iya, har ma a kan wannan sani aka kafa garin. Labarin da aka gada ya nuna cewa maƙera ne, waɗanda ake kira Abagayawa, suka taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a Dala suka zauna. Ragowar wata matoyar tama da aka tono a gindin dutsen an auna shekarunta sun kai ƙarni na 7, wato fiye da shekara ɗari uku kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga 999. Mutumin da ya dubi jar marmara ya gane wadda za ta ba da ƙarfe da wadda ba za ta bayar ba, ya san gawayin da ya dace da yawan iskar zuga-zugi, aikinsa da na mai tsintar ƙwayoyi a Kalahari ɗaya ne. Garmar da ta noma ƙasar Kano da mashin da ya tsare ganuwarta daga wannan sani suka fito. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta daɗe tana da masu sanin kanwa iri-iri daga Barno, da gishirin Bilma, da tozali, kowanne ana gane nagarinsa da ido da harshe da tafin hannu.

Titin Zariya da ya ratsa unguwarmu, in mutum ya bi shi kudu ya karkata a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada da dajin Falgore, zai kai shi yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Mutanen Riruwai sun san baƙin yashin da ake kira kuza tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Sukan wanke shi a rafi, su narka, su zuba shi sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su shafe kayan tagulla da shi. Wani reshensu ya yi ƙaura ya kafa Liruwen Dalma a ƙasar Bauci. A tsakiyar shekarun 1880 William Wallace, wakilin kamfanin Turawan da ke ciniki a kogin Binuwai, ya ga irin waɗannan tsinkaye a hannun 'yan kasuwa, ya gane cewa a cikin ƙasar ake narka su. Wannan tsinke ya zame masa ɗan aike. A 1902 da 1903 kamfanin Neja ya tura masu bincike suka bi sawun kuza har tsaunukan Jos, a daidai lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano cikin Fabrairun 1903.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. An fara binciken ma'adinan Arewa a hukumance a 1904. Doka ta mai da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, kamfanin Neja kuma ya riga ya ƙulla yarjejeniyar karɓar rabin harajin ma'adinai na wani babban yanki har shekara 99. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, aka kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Nijeriya a 1919. Matoyan Riruwai da na Liruwen Dalma suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jikokin masu su suka koma leburori da 'yan kwangilar wanke yashi. Da Japan ta ƙwace mahaƙan kuza na Malaya, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su Jos aikin dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Kuza na nan, hannun da ke tono shi namu ne, amma sanin ya koma cikin taswira da rahoton da aka rubuta da wani harshe aka kulle a ofis.

Har wani darasi ya biyo baya. Akwai wani baƙin yashi da ke manne wa kuza yana ɓata shi, ana ware shi a zubar. A farkon shekarun 1950 aka shiga nemansa ruwa a jallo don ƙera ƙarfen injin jirgin sama, sai ga shi juji ya zama taska. Kwalambayit ke nan, wanda a waɗannan shekaru Nijeriya ce ke ba duniya mafi yawansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuɗin rashin sani

Asarar Kawu fili ce da kekuna biyu. Akwai waɗanda suka biya da abin da ba ya dawowa. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka shi a turmi, suna niƙa shi a injin hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kafin likitocin ƙungiyar MSF da hukumomi su shawo kan lamarin. Dalma ba baƙuwa ba ce gare mu, gama dutsen tozalin da kakanninmu ke saye a Kurmi ma dutsen dalma ne. Dutsen na ɗauke da gargaɗinsa a jikinsa, gwajin da zai bayyana shi kuma ba mai wuya ba ne, sai dai babu mai karantawa a kusa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shi kansa dayofsayid akwai shi a ƙasarmu. A tsaunukan Biu na jihar Barno, da wajen Kerang da Panyam a jihar Filato, tsofaffin duwatsun aman wuta suna ɗauke da dunƙule-dunƙulen da suka tsinko daga can ƙasa, kuma a cikinsu akwai korayen ƙwayoyinsa. Ana kuma samun irinsa marar haske a cikin waɗansu duwatsun mabul na tsakiyar ƙasar nan. Amma kada mai karatu ya ɗauki diga ya nufi Biu. Aman wutar da ya yi waɗannan tsaunuka ba irin na kimbalayit ba ne, bai taso daga zurfin da daiman yake ba. Ɗan aike ma sai an tambaye shi daga ina yake. Masana a yau suna iya auna sinadaran ƙwaya guda su faɗi zurfi da zafin inda ta fito, su san ko ta yi maƙwabtaka da daiman ko ba ta yi ba. Wanda ya ga kore kawai ya sayar da gonarsa, ya bi sawun Kawu.

Kammalawa

Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun bar mallakar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma ana ta muhawara a kan ko hakan daidai ne. Muhawara ce mai muhimmanci, amma tarihin da na bi ya nuna mini cewa akwai wata mallaka da ta riga ta takarda. Tamar Dala ta zama ta Abagayawa ne domin su suka gane ta. Kuzan Riruwai ya kuɓuce ne a ranar da wani ya fi masu shi sanin iyakar inda ya kai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos sun daɗe suna yaye masana duwatsu, amma tsakanin ajinsu da ramin mai haƙa a ƙauye, ko shagon tela a Tarauni, akwai tafiya mai nisa. Gwajin da aka yi a zaurenmu bai ci rabin sa'a ba, kayan aikinsa kuma madubi ne da tsakuwa da kofin ruwa. Da akwai littafi da Hausa mai koyar da shi, ko wata rumfa a kasuwa inda mutum zai kai dutse a duba masa kafin ya biya, kamar yadda ake kai zinariya wurin maƙeri, da filin Na'ibawa bai tafi ba.

Kawu bai sake mallakar fili ba. Ya ci gaba da ɗinki da kekensa guda har idonsa ya gaza, ya rasu a ɗakin da aka haife shi. Wata rana, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa, na same shi ya zazzage duwatsun a tafin hannu yana juya su a hasken taga. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka zubar da su ba?" Ya ce, "Kai ɗan nan, ai su ba su yi mini ƙarya ba. Ni ne ban tambaye su ba."

Gwangwanin yana kan teburina yanzu. Ranar Asabar nakan tara yaran layinmu a zauren nan, in ba su madubi da farin dutse da kofin ruwa, in miƙa wa kowa ƙwaya guda, in ce ya faɗa mini abin da ya gani.